A Binne Bututun Ruwa Tun Hunturu Bai Kankama Ba

Idan kaka ta ja baya a ƙasar Gumel, aka gama ɗaure dammunan gero aka kai rumbu, aka kakkaɓe riɗi, aka fara jibge buhunan zoɓo a kasuwar Maigatari kowace ranar Alhamis, sai iska ta juya ta riƙa bugowa daga arewa maso gabas, ɗauke da hazo da ɗari, har ta kai mutum ya fito sallar asuba yana jin nauyin taɓa ruwan buta. Kowane magidanci ya san abin da wannan lokaci yake bukata, ba ya kuma jiran a tuna masa: yakan fito da bargo, ya saya wa yara rigunan sanyi, ya tanadi itace da man shafawa, mai dabbobi kuwa ya ɗora harawa bisa rumfa saboda watannin da ke tafe. Amma akwai abu guda wanda rayuwar gida da ta garke duka suka rataya a kansa, wanda kuwa ba safai za ka ga an yi masa tanadin hunturu ba, watau bututun da ke ɗauko ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki, daga tanki kuma zuwa famfo. Duk wanda ya zaga ƙauyukan Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ko unguwannin Gumel kanta, ya ga yadda ake barinsa: kwance a kan rairayi, ko rataye a jikin ƙarfen tanki, fari fat saboda dukan rana, an ɗaɗɗaure shi nan da can da robar cikin taya. A ganina wannan gafala ce da ta kai a kira ta tozarta amana, maganinta kuwa ba shi da tsada, kuma lokacin yinsa shi ne yanzu.

Na san abin da mai karatu zai fara cewa, shi ne ai ruwa ba ya ƙanƙara a ƙasarmu, don haka ina ruwan bututu da sanyi. Gaskiya ne ba ya yi. A dararen Disamba da Janairu da suka fi tsanani, ma'aunin zafi yakan sauko zuwa wajen digiri 10 ko sama da haka kaɗan, alhali ruwa ba ya daskarewa sai an kai sifiri. Sai mutum ya yi arewa ƙwarai, ya wuce Damagaram da Agadas, ya hau tsaunukan Bagzan a ƙasar Azbin, sa'an nan zai tarar da dararen da sanyi ke kai wannan matsayi. Amma ina roƙon a yi mini haƙuri in bayyana halin mutanen da ruwa ke daskare musu a kowace shekara, domin a cikin tadbirin da larura ta koya musu akwai ibra gare mu, mu da larurarmu take zuwa a hankali har ba ma lura da ita.

Daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukaki ya sanya a halittar ruwa akwai wata da ta saɓa wa ɗabi'ar yawancin abubuwa. Kusan kowane abu idan ya yi sanyi takurewa yake yi, ruwa ma haka yake yi har ya sauko digiri 4, amma daga nan sai ya juya ya fara buɗewa, idan kuwa ya daskare sai girmansa ya ƙaru da kimanin kashi 9 cikin 100. Wannan ne dalilin da ya sa ƙanƙara take tasowa saman tafki maimakon ta nutse, ta zama rufi, kifaye su ci gaba da rayuwa a ƙarƙashinta har sanyi ya wuce, wanda hakan rahama ce bayyananniya. Sai dai abin da ya zama rahama a tafki yakan zama ɓarna a cikin bututu, inda babu wurin buɗewa. Ƙanƙara takan fara toshe wuri guda, ta riƙa girma tana tura ruwan da ke gabanta zuwa ga famfon da ke rufe, matsi ya yi ta ƙaruwa har sai bututun ya tsage a inda ya fi rauni, sau da yawa ma nesa da inda ƙanƙarar take. Mai gida kuwa ba zai san an yi masa ɓarna ba sai ranar da ɗumi ya dawo, ƙanƙarar ta narke, ruwa ya ɓalle masa a cikin bango.

Daga cikin waɗanda wannan mas'ala ta fi shafa akwai masu ɗaki mai taya a Amurka da Kanada, irin wanda ake ɗaurawa a bayan mota a ja shi, da gado a ciki da madafa da makewayi, da tankin ruwa mai tsabta da tankunan ruwan da aka yi amfani da shi. Wasu don shaƙatawa suke sayensa, wasu ma'aikata ne da aiki ke kai su nesa da gida, wasu kuwa kuɗin haya ne ya fi ƙarfinsu suka mai da shi mazauni. Da yake bangonsa siriri ne, bututansa kuma ƙanana ne suna bi ta ƙarƙashin daɓe inda iska ke kaɗawa, dare guda na tsananin sanyi ya isa ya lalata su duka. Saboda haka, tun wajen Oktoba, kafin sanyin farko ya sauka, wanda zai ajiye ɗakinsa sai bazara yakan zubar da ruwan tankuna ƙaf, ya buɗe mafitar da ke can ƙasa ruwan bututu ya tsiyaye, ya zazzage tukunyar ɗumama ruwa, ya hura iska da inji cikin bututan har ɗigon ƙarshe ya fita, sa'an nan ya zuba wani ruwan magani mai launin hoda wanda ba ya saurin daskarewa kuma an yi shi musamman don bututun ruwan sha. Wanda kuwa zai zauna a ciki cikin sanyin, shi nasa aikin ya fi yawa: yakan naɗe bututu da soso, ya bi jikinsa da wata waya mai ɗumi da ke aiki da lantarki, ya kewaye ƙarƙashin ɗakin da allo ko tamfol don iska ta daina ratsawa, ya bar ƙofofin kabad a buɗe ɗumin ɗaki ya kai ga bututan da ke ɓoye, a daren da abin ya tsananta kuma ya bar famfo yana ɗiga don matsi ya sami mafita. Gidajen gini ma haka ne, domin a wasu biranen Kanada sai an haƙa fiye da mita 2 kafin a shimfiɗa bututu, saboda sanyi yana ratsa ƙasa kusan zuwa can.

Abin lura a nan shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da ake yinsa bayan ɓarna ta auku. Duka ana yinsu ne tun ruwa yana gudu lafiya. Waɗanda suka ɗauka cewa sanyi na wasu ne ba nasu ba kuwa, an ga abin da ya same su a jihar Texas ta Amurka, wadda ƙasa ce mai zafi, a watan Fabrairu na 2021, sa'ad da wani sanyi da ba su saba da shi ba ya sauka, lantarki ya yanke, bututan gidaje da na titi suka fashe, har aka umarci mutane fiye da miliyan 14 su riƙa tafasa ruwa kafin su sha.

To, mu dawo gida. Abin da ƙanƙara ke yi wa bututu a dare guda, rana tana yi wa namu a 'yan shekaru, hunturu kuma shi ke zuwa ya ƙarasa. Yawancin bututun da ake sa wa a rijiyoyinmu farar roba ce ko ruwan toka, wadda masu yinta suka yi ta don a binne ko a sa a inuwa. Idan aka bar ta a fili, hasken rana yakan ci fatarta a hankali, launinta ya koɗe, laushinta ya tafi, ta zama mai saurin karyewa, sanyi kuma yana ƙara mata wannan tauri. Ga kuma wata illa da ta keɓanta da hunturu, wato nisan da ke tsakanin zafin azahar da sanyin asuba. Roba tana miƙewa da zafi tana takurewa da sanyi fiye da ƙarfe ninki da dama, har sandar bututu mai tsawon mita 6 takan ƙaru ko ta ragu da kusan santimita guda idan zafin jikinta ya sauya da digiri 30, abin da ba wuya ya faru ga bututun da ya wuni a rana ya kwana a ɗari. Santimita guda ba ya cika ido, amma idan aka jera sanduna ashirin ko talatin, kowace tana ja tana saki kullum safe da yamma, to nauyin wannan duka a kan mahaɗa yake sauka, inda gam ya riƙe, da gwiwar da bututu ya karkata, can ne kuwa za ka ga ɗigo ya fara. Wanda aka binne shi sama-sama ma bai tsira ba, domin ƙasarmu jigawa ce, iskar hunturu takan kwashe rairayin da ke kansa ta bar shi a fili, kofaton shanu da tayar amalanke da kurar 'yan garuwa su bi ta kai.

Wannan kuwa yana faruwa ne daidai lokacin da ba mu da wata madogara. Ƙasar Gumel ba ta da kogi mai gudu, rijiyoyinta masu zurfi ne, tafkunan da damina ta cika kuma sukan ƙafe ɗaya bayan ɗaya tun rani bai yi nisa ba, sai mutum da dabba su taru a kan burtsatse guda. A Maigatari ma, da take bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, ga dubban shanu da raƙuma da tumaki da ake kawowa kasuwa kowane mako, kowannensu da ƙishirwarsa. Rijiyoyin da ke aiki da hasken rana, waɗanda suka yawaita a 'yan shekarun nan kuma suka sauƙaƙa wa jama'a wahalar man fetur, da rana kaɗai suke turo ruwa, hazo da ƙurar da ke kwanciya a kan farantansu kuma suna rage musu ƙarfi a hunturu. Idan aka haɗa wannan da bututu mai yoyo, sai tankin da bai cika ba ya kwana yana tsiyaya cikin rairayi, a wayi gari mata da yara sun jera jarkoki a bakin famfon da babu komai a cikinsa. Famfo guda da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 10,000 a shekara, watau jarka 400 mai cin lita 25, balle tsagar da ruwa ke fita da ita tsiri-tsiri. Akwai kuma abin da ya fi asarar ruwa muni, shi ne idan aka kashe inji ruwa ya koma baya, tsagar da ke fitar da ruwa takan juya ta zuƙo abin da ke kewaye da ita, idan kuwa bututun ya ratsa kwata ko wurin da dabbobi ke tsayawa, to ƙazantar nan ce za ta fito a famfo washegari, daga nan ne kuma zazzaɓin taifod da amai da gudawa suke samun hanyar shiga gida.

Malamanmu ba su bar sha'anin ruwa a sake ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu babin ɗahara suke gabatarwa kafin salla, suna rarrabe ruwan da ke tsarkakewa da wanda ba ya yi, har fuƙaha'u suka yi bayanin hukuncin ruwan ƙanƙara idan ya narke, suka tabbatar da cewa mai tsarki ne mai tsarkakewa. An kuma ruwaito cewa Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil saboda tsoron halaka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kuwa zarge shi ba. Shari'ar da ta kula da ruwa da sanyi har zuwa wannan mataki, wadda ta karhanta israfi a alwala ko da mutum yana bakin kogi, yaya za ta ɗauki ruwan jama'a da ke kwana yana malala a ƙasa wata da watanni, kowa yana tsallakewa ya wuce? Fahimtata ita ce gyaran irin wannan yana cikin abin da idan wasu suka yi ya faɗi daga kan saura, idan kuwa kowa ya bari to nauyin yana kan duk wanda ya gani yana da iko.

Ina kuma da magana ga attajirai da masu riƙe da muƙamai da suke haƙa wa garuruwa burtsatse don neman lada, Allah ya karɓa musu. Sadaka mai gudana sunanta ya nuna sharaɗinta, rijiyar da ta tsaya bayan shekara biyu saboda bututun da kuɗinsa bai kai na ɗan akuya ba kuwa ta daina gudana. Magabata sun gane haka, shi ya sa suke haɗa aikin ruwa da wakafi, su tsayar da wata dukiya da za a riƙa gyara da amfaninta. Magudanar da Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta gina don kai wa alhazai ruwa a Arfa da Makka ta yi wa musulmi hidima fiye da shekara dubu, abin da ya raya ta kuwa shi ne sarakuna bayan sarakuna sun yi ta yashe ta suna gyara inda ta rushe, har da babban gyaran da Usmaniyawa suka yi mata a ƙarni na 16. Wanda zai kashe miliyoyi ya haƙa rijiya, ya fi masa alheri ya ware wani abu kaɗan ya damƙa wa amintattun gari don gam da mahaɗa da ladan mai gyara, da ya kashe shi a kan allon da aka rubuta sunansa.

Wannan ɗabi'a ta tanadi ma ba baƙuwa ba ce a gare mu. Gumel gari ne na fatake, wanda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iske a watan Maris na 1851 yana cike da cinikin kanwa, mutanen da ke ratsa dajin da babu rijiya da jakuna da raƙuma kuwa ba su taɓa ɗora kaya ba sai sun duba salka, sun ɗinke inda ta huje, sun shafe ta da mai don kada ta bushe ta tsage, domin sun san ransu a cikinta yake. Ai magabata sun bar mana maganar cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya sauya shi ne salka ta mutum ɗaya ce, bututu kuwa na kowa ne, abin kowa kuma shi ne muka saba bari ba mai kula.

Aikin da ake bukata ba ya neman injiniya. A haƙa rami mai zurfin santimita 60 aƙalla, inda mota ko amalanke ke bi kuma a kai shi mita guda a zura bututun cikin wani na ƙarfe, a shimfiɗa shi da sanyin safiya, a bar masa ɗan sassauci kada a ja shi ya miƙe tsam, a cire duwatsu a rufe da rairayi mai laushi. Wanda dole ya tsaya a fili, kamar mai hawa zuwa tanki da mai fitowa zuwa kan famfo, ko dai ya zama na ƙarfe, ko baƙar robar nan ta naɗi wadda aka yi ta don jure rana, ko kuwa a shafe shi da farin fenti a naɗe shi da buhu. A sa makulli a kan kowane reshe don idan wuri guda ya fashe a rufe shi kaɗai ba sai an hana gari duka ruwa ba, a gyara ƙwallon da ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika, a kewaye gindin tanki da shinge, a janye komin shayar da dabbobi nesa da famfon mutane, a kuma sa yaro mai hankali ya riƙa goge farantan sola da tsumma mai laushi da sassafe. Idan aka ce haƙa rami yana cin kuɗi, sai in ce ƙasarmu rairayi ce da fartanya ma take shiga, samari kuma suna gida a 'yan makonnin da ke tsakanin gama girbi da tafiya cin rani, gayya ɗaya ta ranar Asabar ta isa unguwa.

Ga 'ya'yanmu da karatu ko neman halali ya kai su ƙasashen ƙanƙara, a Rasha ko Ingila ko Kanada, su tambayi mai gidan haya inda makullin ruwa yake tun ranar da suka tare, kada su kashe abin ɗumama ɗaki ɗungurungum idan za su yi tafiya cikin sanyi, kada su narkar da bututun da ya daskare da harshen wuta, kada kuma su kusanto da ruwan maganin lagireton mota ga bututun ruwan sha, domin guba ne mai kisa. Direbobinmu da ke yin arewa zuwa Agadas da abin da ke bayanta a watannin ɗari su ma su daina cika lagireto da ruwan rijiya zalla, domin a can ruwa yana iya daskarewa.

Ina kira ga hukumomin ruwa na Jihar Jigawa, RUWASSA mai kula da karkara da STOWA mai kula da ƙananan garuruwa, da majalisun ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da su sa zurfin rami cikin sharuɗɗan kwangila, kada kuma a sa hannu a biya ɗan kwangila sai wakilin gari ya ga ramin a buɗe ya auna shi kafin a rufe. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa kwamitocin ruwa su bi kowane layi da ƙafa daga rijiya har famfon ƙarshe kafin Disamba ta shiga, su rubuta duk inda bututu ya fito fili ko yake ɗiga. Limamai kuma su ware huɗuba guda ta Juma'a a kan amanar ruwan jama'a. Kai kuma mai karatu, idan akwai bututu kwance a ƙofar gidanka, kada ka jira kwamiti, ɗauki fartanya ka kira maƙwabcinka ku binne shi a wannan makon.